Gayyar Karanta Jikin Gwangwani: Yadda Ake Gina Rumbun Bayanan Kayan Kanti

Ɗauki gwangwanin madara ko kwalin shayin da ke kusa da kai, ka juya bayansa. Za ka ga wasu baƙaƙen layuka a tsaitsaye, wasu sirara wasu masu kauri, a ƙarƙashinsu kuma alƙaluma 13. Shi ne ake kira bakod. Mutane da yawa sun ɗauka farashi na cikinsa, ko ranar ƙarewar wa'adin kayan. Na taɓa jin wani mai shago yana rantsuwa cewa duk kayan da ke da shi a jiki ba zai zama jabu ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ciki. Alƙaluman nan na ƙasa ne aka sake rubutawa da layuka, yadda na'ura za ta iya karantawa. Idan kashiya ta haska shi a babban kanti, na'ura ta yi ƙara, suna da farashi suka bayyana, to daga kwamfutar kantin suka fito, inda wani ma'aikaci ya riga ya zauna ya shigar da cewa lamba kaza madara kaza ce, kuɗinta kaza. Da ka fita ƙofar kantin da gwangwaninka, lambar ta koma bebiya.

Ranar 26 ga Yunin 1974 aka fara haska bakod a ciniki, a wani kantin Marsh da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, kuma fakitin cingam ɗin Wrigley's aka sayar. Turai ta kafa nata tsarin a 1977, sannan a 2005 ɓangarorin biyu suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya mai suna GS1, mai hedikwata a Brussels. Ita ke rabon lambobi a duniya ta hannun rassanta na ƙasashe. Alƙaluma ukun farko na reshen da ya ba da lambar ne: 615 na Najeriya, 603 na Gana, 617 na Kamaru, 890 na Indiya, 690 zuwa 699 na Sin, 300 zuwa 379 na Faransa. Nan ma akwai kuskuren da ya yaɗu, domin 615 ba ta nufin a Najeriya aka yi kayan. Tana nufin kamfanin a Najeriya ya yi rajista, ko da kuwa a Sin aka sarrafa masa kayan aka cuso su a kwantena. Bayan waɗannan sai lambar kamfani, sai lambar da kamfanin ya ba wa kayan da kansa. Alƙalami na ƙarshe kuwa mai gadi ne. A ce goma sha biyun farko su ne 615123456789, lambar da na ƙirƙira don misali. Ka tara na ɗaya, na uku, na biyar, haka har na sha ɗaya, za ka samu 31. Ka tara sauran shidan, 26, ka ninka sau uku, 78. Jimilla 109. Abin da ya rage ta cika 110 shi ne 1, to shi ne na goma sha uku. Idan yatsa ya zame aka rubuta alƙalami ɗaya ba daidai ba, lissafin ba zai tashi ba, na'ura ta ƙi karɓa.

Ke nan duniya tana da tsari mai kyau na raɗa wa kowane irin kaya suna da ba ya karo da na wani. Abin da ba ta da shi shi ne littafin da kowa zai buɗe ya ga me sunan ke nufi. GS1 ta san kamfanin da ta ba kowace lamba, kuma tun 2004 akwai hanyar da masana'antu ke tura wa manyan kantuna cikakken bayanin kayansu, amma ta 'yan kasuwa ce masu biyan kuɗin shiga. Wanda zai zuba abin a cikinsa, ko ya ba ɗansa, ba a yi rabon da shi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne bayanin ba asiri ba ne. Doka ta tilasta a buga shi a jikin kaya: kayan haɗi, nauyi, sunan kamfani, yawan sukari da gishiri da kitse. A Tarayyar Turai dokar 1169 ta shekarar 2011 ce ta tsara haka, har ta lissafa abubuwa 14 da jikin wasu ba ya ɗauka, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da riɗi, ta ce dole a fito da sunayensu fili. Komai a rubuce yake, sai dai a warwatse, a jikin miliyoyin ledoji da gwangwanaye, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Mutum zai iya karanta kwali ɗaya. Ba zai iya tsayawa gaban kanta ya gwada biskit 40 ya gano wanne ya fi ƙarancin sukari ba, balle ya san ko wanda ake sayar masa iri ɗaya ne da wanda ake sayarwa a wata ƙasa.

Wani Bafaranshe masanin kwamfuta, Stéphane Gigandet, shi ya ce a yi gayya. Ranar 19 ga Mayun 2012 ya buɗe Open Food Facts, a 2014 kuma aka yi mata rajistar ƙungiyar da ba ta neman riba. Tsarinta irin na Wikipedia ne: duk mai waya zai iya haska bakod, in kayan na cikin rumbun ya ga bayaninsa, in babu shi ya ɗauki hotuna ya saka. A 2019 kayan da aka tara suka kai miliyan 1, zuwa 2022 sun haura miliyan 2, yanzu sun wuce miliyan 3, daga ƙasashe sama da 150. Daga baya aka buɗe 'yan'uwanta, ɗaya na kayan kwalliya da sabulai, ɗaya na abincin dabbobin gida, ɗaya na sauran kayan amfani. Akwai wasu da suka gwada irin wannan aikin suka yi shiru. Ita ce ta ɗore, shi ya sa ta fi dacewa a yi misali da ita.

A bakin magana aikin ba wuya. Ka tsaya a gaban kanta da ledar taliya a hannu, ka ɗauki hoton gabanta, ka ɗauki na kayan haɗi, ka ɗauki na jadawalin sinadaran gina jiki. Amma ledar tana sheƙi, fitilar kanti ta faɗa daidai kan layin da ake so. Rubutun ya bi ta ƙarƙashin naɗin da aka liƙe, sai ka ɗaga shi da farce, hannu ɗaya riƙe da waya. A gwangwani kuma rubutun ya zagaye, hoto ɗaya ba ya ɗauke shi. Mai gadin kantin yana can yana kallonka, yana tunanin ko farashinsu kake kwashewa ka kai wa abokan hamayya. Duk da haka hoton nan shi ne ginshiƙin komai, domin shi ne shaida. Duk alƙalamin da ke cikin rumbun, in an yi gardama a kansa, hoton ake komawa a duba, kamar yadda ba a karɓar ruwaya sai an san daga bakin wa ta fito. Kowane gyara kuma ana ajiye shi da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi, yadda in wani ya ɓata, da gangan ko da kuskure, za a iya mayarwa.

Daga hoto zuwa alƙaluma, nan kurakurai ke shigowa, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Wani kamfani ya rubuta ƙididdigarsa a kan giram 100, wani a kan cin mutum ɗaya, wanda shi kamfanin ne ya yanke ko giram 30 ne ko 45. A Amurka sodiyam ake rubutawa, a Turai gishiri, kuma sai ka ninka sodiyam sau 2.5 kafin ka samu gishiri. Ƙarfin abinci wani ya auna da kilojul, wani da kilokalori, alhali kilokalori ɗaya ya kai kilojul 4.184. Bafaranshe yana raba alƙaluma da waƙafi inda Bature ɗan Ingila ke sa ɗigo. Mai shigar da bayani ya gaji, idonsa ya tsallake layi ɗaya, sai ga biskit mai gishiri giram 60. Saboda haka aka kafa wa rumbun ƙa'idojin hankali da na'ura ke bi tana bincike: jimillar sinadarai ba za ta wuce giram 100 a cikin giram 100 ba, sukari ba zai fi dukan sinadarin kabohaidiret da yake cikinsa yawa ba, kalori dole ya yi kusa da abin da kitse da furotin da kabohaidiret za su bayar. Duk kayan da ya saɓa sai a ɗaga masa tuta, wani ɗan sa-kai ya buɗe hoton ya duba da ido. Akwai kuma manhajar da suka raɗa wa suna Robotoff, wadda ke karanta rubutun hoto ta yi hasashe, sannan ta tambayi mutane: wannan madarar gari ce, e ko a'a? Na'ura ta kawo shawara, mutum ya yanke hukunci. Ina ganin wannan rabon aikin shi ne daidai.

Duk wannan tara kaya ne a tsakar gida. Wahalar gaske, wadda ba ta fitowa a labarai, ita ce a yarda a kan sunaye.

Ga misali na kusa. Abin da Bakano ke kira gyaɗa, a wurare da dama na Nijar da yammacin ƙasar Hausa gujiya ake ce masa. Shi kuwa Bakano in ya ji gujiya ko gurjiya, wani abu dabam zai kawo maka, mai ƙwaya ɗaya ƙulu-ƙulu da ake dafawa a ci. Masana tsirrai suna kiran ta farko Arachis hypogaea, ta biyu Vigna subterranea. A ce yaro ne da jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa, in ya ci numfashinsa ya sarƙe, sai uwarsa ta tambayi manhaja ko akwai gyaɗa a wannan alewar. Idan rumbun kalma yake bi, ya gamu da "gujiya" a jikin leda, me zai ce mata? Faransanci kansa yana da kalmomi biyu, arachide da cacahuète, Ingilishi ma biyu, peanut da groundnut. Harshe ɗaya ke nan da kayan haɗi ɗaya. Ka ninka da dubban kayan haɗi, da harsuna masu yawa, da kurakuran rubutu, da kamfanonin da ke ɓoye sukari a bayan sunaye iri-iri. Masu Open Food Facts sun shafe shekaru suna rubuta dogayen jerin sunaye, inda kowane abu ke da gurbi ɗaya, a ƙarƙashinsa duk laƙabobinsa a kowane harshe, a samansa kuma danginsa: man gyaɗa yana ƙarƙashin man tsirrai, kuma yana ɗauke da gyaɗa. Aiki ne mai cin rai da ba wanda zai yaba maka, kuma in babu shi miliyoyin hotunan nan tarin takardu ne kawai.

Nan maganar ƙulla bayanai ta shigo. A 2006 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta wata gajeriyar takarda da ƙa'idoji huɗu. A taƙaice: kowane abu a ba shi suna na dindindin, sunan ya zama adireshin intanet da za a iya buɗewa, in an buɗe a tarar da bayani a tsarin da na'ura ke fahimta, kuma bayanin ya nuna hanya zuwa wasu abubuwan. Tsarin da ake rubuta bayanin da shi sassa uku ne kullum, kamar ƙaramar jimla: abu, alaƙa, abu. Wannan biskit, yana ɗauke da, manja. Wannan biskit, wanda ya yi shi, kamfani kaza. Kamfani kaza, mallakar, kamfani kaza. Kowane ɓangare na jimlar adireshi ne, don haka jimlar da aka rubuta a Faransa za ta iya haɗuwa da wadda aka rubuta a Jamus ba tare da marubutan sun taɓa sanin juna ba, muddin adireshi ɗaya suka ambata.

Wikidata, wadda aka buɗe a Oktoban 2012, ita ce ta zama babbar matattarar irin waɗannan sunaye. Kowane abu a cikinta yana da lamba mai farawa da Q. Najeriya Q1033 ce, Nijar Q1032. Duk wanda ya taɓa ganin an aika wasiƙar Nijar zuwa Najeriya, ko an rikita ƙasar Nijar da jihar Neja da kogin da Turawa ke kiran su ukun da suna guda, ya san amfanin wannan. Lambar ba ta da harshe. A jikinta ake rataye sunan Hausa da na Larabci da na Faransanci. Idan rumbun kayan kanti ya ce gurbinsa na gyaɗa daidai yake da gurbin gyaɗa na Wikidata, to ya gaji duk abin da ke can: sunayenta a harsuna, danginta a tsirrai, shafukanta na Wikipedia, mahaɗanta zuwa wasu rumbunan kimiyya. Bai kwafo komai ba. Zumunci ya ƙulla, kamar yadda aure ɗaya ke haɗa ka da dangin da ba ka taɓa gani ba. Kantunan intanet ma suna da irin nasu ƙamus, schema.org, wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, kuma a cikinsa akwai gurbin lambar bakod, shi ya sa injin bincike ke gane cewa kayan da ke shafuka goma abu ɗaya ne.

Amfanin ƙullin yana fitowa ne a tambayar da rumbu ɗaya ba zai amsa ba. Mai kiyaye halal da haram ya ga E120, ɗaya daga lambobin da ake ba sinadaran da ake ƙara wa abinci, a jikin kwalbar lemo. Lambar ba ta gaya masa komai ba, amma in ya bi mahaɗi zai tarar jan launi ne da ake samu daga wani ƙaramin ƙwaro da ke rayuwa a jikin wata shuka mai ƙaya, akasari a ƙasar Peru. E621 shi ne farin sinadarin ɗanɗano da ke cikin dunƙulen miya. E471 kuwa ana iya yin sa daga man tsirrai, ana iya yin sa daga kitsen dabba, kuma jikin leda yawanci ba ya faɗin wanne ne. Haka jelatin, sinadarin da ke sa alewa danƙo: na fatar alade, na shanu, na kifi, duk suna ɗaya. A irin wannan wuri rumbu mai gaskiya "wataƙila" yake cewa, kuma Open Food Facts haka take yi wajen tantance ko kaya na da abin da ya fito daga dabba. Ina girmama wannan. Hukunci na malamai ne, amma malami ma sai an kawo masa bayanin abin kafin ya yi fatawa, kuma gara a ce masa ba a tabbatar ba da a ƙaga masa tabbaci.

Sai babbar tambaya, wadda kowane mai shiga gayya ya kamata ya yi kafin ya ɗauki fartanya: gonar ta wace ce?

Akwai abin da ya faru da ya sa tambayar ta zama dole. A 1993 aka fara wani rumbu mai suna CDDB, inda masu sauraron kiɗa ke shigar da sunayen waƙoƙin da ke cikin faifan sidi, kyauta, don kowa ya amfana. Dubban mutane suka yi ta rubutawa. A 1998 aka sayar da shi ga wani kamfani, aka ƙara tsaurara sharuɗɗan amfani, aka sauya masa suna zuwa Gracenote, a 2008 kuma Sony ta saye shi a kan dala miliyan 260. Waɗanda suka yi noman ba su ga ko zangarniya ba, har ma sai da izini za a taɓa abin da hannunsu ya rubuta. Haushin haka ne ya haifi MusicBrainz, buɗaɗɗen rumbun bayanan waƙoƙi, a shekarar 2000. Darasin ya zauna a zukatan masu irin wannan aiki, shi ya sa Open Food Facts ta ɗora rumbunta a kan lasisin ODbL, wanda taswirar OpenStreetMap ma ta koma kansa a 2012. Sharuɗɗansa ba su da yawa. Kowa na iya ɗauka ya yi amfani, har ya yi kasuwanci. Dole ya faɗi inda ya samo. In kuma ya gyara rumbun ko ya haɗa shi da nasa ya fitar wa jama'a, dole sabon ya kasance a buɗe a kan wannan lasisin. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne waƙafi: rijiyar da aka haƙa don jama'a, kowa ya ɗiba, mai sayar da ruwa ma ya ɗiba, amma ba mai ikon kewaye ta da katanga. Kuma ba alkawarin baki ba ne kawai, domin ana iya sauke rumbun gaba ɗayansa a kwamfuta. Ko ƙungiyar ta rushe gobe, kwafinsa na hannun mutane da yawa.

Lasisin yana da nasa ƙaiƙayin. Wikidata tana kan CC0, wato ba sharaɗi ko ɗaya, don haka ba a iya kwashe bayanan ODbL a juye a cikinta, tunda sharaɗin zai ɓace a hanya. Rumbuna biyu ne buɗaɗɗu, masu manufa ɗaya, amma doka ta hana su zama tukunya guda. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ƙulli ya fi kwafi: kowa ya zauna a gidansa, a riƙa nuna juna da adireshi. Haka kuma wasu kamfanonin manhaja ba sa son sharaɗin mayar da abin da suka ƙara. Manhajar Yuka ta haska bakod a waya, wadda ta fito a Faransa a 2017 ta kuma yi farin jini sosai, da bayanan Open Food Facts ta fara, a 2018 ta koma gina rumbun kanta. Ba ta karya doka ba. Amma abin ya nuna cewa sau da yawa mai kyakkyawar fuska a waya shi jama'a ke sani, rijiyar da ya fara ɗiba kuwa ba a ko tuna ta.

Me aka samu bayan duk wannan wahala? Faransa ta amince da alamar Nutri-Score a 2017, wadda ke ba abinci harafi daga A mai kore zuwa E mai ruwan lemo mai duhu, bisa lissafin da ayarin Farfesa Serge Hercberg ya tsara. Sa ta a jikin kaya ganin dama ne, kuma kamfanin da ya san E zai samu ba ya gaggawar bugawa. To amma lissafin a fili yake, alƙaluman kuma suna rumbu, sai manhaja ta lissafa wa mai saye da kanta ko kamfani ya so ko ya ƙi. Haka ake yi da rabe-raben NOVA, na masanan jami'ar São Paulo ta Brazil ƙarƙashin Carlos Monteiro, wanda ya kasa abinci gida huɗu gwargwadon yadda masana'anta ta sarrafa shi. Ana gardama a kan ma'aunan biyu, Italiya ma ta daɗe tana adawa da Nutri-Score saboda yadda take auna cukunta da man zaitun. Gardamar tana da amfani, kuma ta yiwu ne domin kowa na iya ganin alƙaluman da aka yi lissafin da su. Masu binciken lafiya a Faransa sun wallafa nazari a 2020 kan sinadaran ƙari da ke cikin kayan abinci 126,000, daga wannan rumbun suka ɗebo su.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne gwada ƙasa da ƙasa. A Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan, tare da IBFAN, gamayyar ƙungiyoyi masu sa ido kan abincin jarirai, ta fitar da rahoto cewa abincin jarirai na Cerelac da Nestlé ke sayarwa a ƙasashe irin su Najeriya da Senegal da Filifin yana da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Birtaniya babu. Kamfanin ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. Kafin a gano haka sai da aka tattaro kaya daga ƙasashe dabam-dabam, aka karanta jikinsu, aka kai wasu ɗakin gwaji. Uwar da ke dama wa ɗanta a Zariya ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin gwangwanin da ke Berlin. Rumbun da ke da hoton gwangwanayen biyu, ya kuma san dangi ɗaya ne, zai nuna mata a cikin daƙiƙa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsu.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne iyakar aikin. Rumbun abin da aka buga a jikin kaya ya sani, abin da ke ciki kuwa sai ɗakin gwaji. In kamfani ya yi ƙarya, ƙaryar za a kwafa da kyau. Jabu ma ba ya kama shi, domin bakod sunan iri ne, gwangwani miliyan ɗaya lamba ɗaya suke ɗauke da ita, kuma duk mai injin ɗab'i zai iya buga ta. Ya bambanta da lambar da ake kankarewa a jikin wasu magunguna a Najeriya a tura ta saƙon waya, tsarin da hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta fara a 2010, inda kowane fakiti ke da tasa shi kaɗai. Sannan gayya inda masu gayya suke take yin ƙarfi. Kayan Faransa da Amurka sun cika rumbun, na Afirka ta Yamma kaɗan ne, kuma wanda ya gwada haska kayan shagon unguwarsu zai sha ganin an ce ba a san wannan ba. Ƙananan masana'antu da yawa ba su yi rajista da GS1 ba, wasu kuma suna aron lambar wani kayan su manna don babban kanti ya karɓa, sai lamba ɗaya ta zama ta yajin wani da sabulun wani. Mafi yawan abin da ke shiga tukunyar gidajenmu ma, gero da dawa da wake da kuka da daddawa, da mudu da tiya da ƙulli ake saye, ba leda ba lamba. Tsarin da aka gina a kan bakod ba ya ganin su sam. Ƙullin bayanai ne kaɗai ke da gurbinsu, tunda daddawa na iya samun lambar Q da sunanta na Hausa ko ba ta taɓa shiga kwali ba.

Shi kansa bakod ɗin yana gab da sauya kama. A 2018 GS1 ta fitar da tsarin da ke mayar da lambar kaya adireshin intanet, kuma ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son na'urorin kantuna su iya karanta lamba mai murabba'i irin ta QR. Wannan za ta iya ɗaukar ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukunin da aka sarrafa tare, in an haska ta da waya kuma ta buɗe shafi. Tarayyar Turai ma ta kafa doka a 2024 da za ta sa kayayyaki da dama su riƙa tafiya da fasfo na intanet, batura kuwa, a ƙarƙashin wata doka ta 2023, za su fara daga 2027. Ci gaba ne, kuma ƙa'idojin Berners-Lee ne suka shigo kasuwa. Abin da ke damuna shi ne shafin da lambar za ta buɗe na kamfani ne. Gwangwanin da aka buga an buga, yana hannun wanda ya saya. Shafin intanet kuwa ana iya sauya shi cikin dare: a rage nauyi daga giram 400 zuwa 380, a musanya man shanu da manja, a goge tsohon bayanin kamar ba a taɓa yi ba. Faransa sai da ta kafa doka, daga 1 ga Yulin 2024, cewa manyan kantuna su sanar da masu saye idan an rage yawan kaya ba a rage kuɗi ba. A Open Food Facts, hoton da wani ya ɗauka shekaru biyar da suka wuce yana nan a tarihin kayan da ranarsa, a gefen wanda wani ya ɗauka bana, kuma kowa na iya buɗe su biyun ya gwada.